Dutsen Niƙan Iya Kyauta

Ni ne mutumin da ya shafe wata tara yana cinikin kwabo uku. In ka shiga Sule Tankarkar ka tambayi gidan Ɗantsoho mai gyaɗa, yara za su nuna maka nan take, manya kuwa sai sun yi murmushi tukuna. A lokacin ban san rowa ake kiran abin da nake yi ba. Ni a wurina tattali ne, har nakan zauna a ƙofar gida ina koya wa mutane shi kyauta.

Abin ya faro da farkon rani, shekarar da na fara kai gyaɗa Kano na dawo da kuɗin Bature cike da lalita. Wata safiya ina zaure sai Iya Kyauta ta leƙo. Mahaifina ne ya sayo ta tun ba a haife ni ba, ita ta goye ni da mahaifiyata ta rasu, kuma da aka ce an hana bauta sai ta ce ita ba ta san hanyar ko'ina ba sai ta rijiya. Ta yi zamanta. Niƙan gidan kaf a hannunta yake, nawa da na matata Lauratu da na 'ya'ya huɗu, da na duk baƙon da Allah ya jefo.

Ta ce, "Ɗantsoho, dutsen nan ya yi santsi, ba ya cin hatsi. Na ji an ce Cindo ya shigo gari."

A ƙasarmu ta rairayi sai ka haƙa rijiya gaba goma ba ka ci karo da dutsen jifan kare ba. Namu na niƙa daga Damagaram aka kawo shi a kan raƙumi, baƙi ne mai tauri, irin wanda ƙananan makoɗan mata ba sa iya masa. Idan ya yi santsi sai Cindo, wani mutumin Maigatari da ke zagaya ƙauyuka a kan jaki da nasa makoɗan. Zama yake ya yi ta ƙwanƙwasa fuskar dutse har ta yi kaushi, ta koma kama hatsi.

Na sa aka kira shi. Ya durƙusa ya shafa dutsen da tafin hannu, ya ce, "Toro ne, mai gida. Kwabo uku, da tuwon rana."

Na yi dariyar 'yan kasuwa, wadda na koyo a Kano. "Kwabo uku a buga dutse da dutse? Na ba ka ɗaya."

"Albarka. Yau ma don gida biyar suka kira ni a garin nan ne, wahalar jakina ta rabu biyar. Kuma santsi kawai ya yi, bai ci ciki ba. Ba za ka sake samun wannan arahar ba."

Na ce ya je ya yi tunani. Na san dabarar, mai sayarwa yakan kai bakin ƙofa ya juyo. Na gyara zama ina jiran ya juyo. Cindo ya hau jakinsa ya tafi, ni kuwa na juya wajen Iya na ce, "Kin gani? Haka ake yi da su. Zai dawo da ƙafarsa."

Ta ce, "To, Allah ya sa."

Da, kafin hantsi ya dubi ludayi ta gama niƙa ta share wurin. Yanzu sai rana ta take tana durƙushe. Dawar zamewa take daga ƙarƙashin ɗan dutsen, sai ta tattaro ta sake bi, ta sake tattarowa, abin da take bi sau biyu ya koma sau biyar. Tana da wata waƙa da take yi da harshen garinsu, wadda ba wanda ya san ma'anarta a gidan. Cikin wata guda waƙar ta ɗauke, sai nishi. Na lura da hakan sarai, kuma na samo masa suna: tsufa. Lauratu ma tana da nata uzurin na ƙin taya ta. Ita kaɗi take yi, zare kuma kuɗi ne, in hannunta ya yi kanta zaren ba zai yi kyau ba. Ni kaina ina alfahari da cewa 'yar malamai na auro daga Gagarawa, matata ba ta durƙusa wa dutse.

Wata rana na dawo daga masallaci na yi kiciɓis da Iya a bakin zaure, ɗauke da ƙwaryar tsaba a kai.

"Ina zuwa, Iya?"

"Gidan Rabi maƙwabciyarmu. An koɗa nasu, ta ce in zo in riƙa yi a can in sun gama."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don tausayinta ba. "Haba Iya! So kike a ce gidan Ɗantsoho ba dutse? Gobe a majalisa da wane ido zan dubi mutane?"

Ta sauke ƙwaryar, ta dube ta, ta ce, "Ban yi wannan tunanin ba." Ta koma ciki. Na shiga bayanta ina jin na tsare mutuncin gida.

Da bazara na je kasuwar Maigatari cikin sabuwar riga mai aska takwas. Na hangi Cindo a gindin wata tsamiya, na ƙarasa kamar hanya ce ta biyo da ni.

"Cindo, har yanzu kana nan a kan toron nan naka?"

"A'a, mai gida. Yanzu sisi ne, kwabo shida."

"Sisi! Me ya ƙaru?"

"Wata huɗu ya ƙaru. Dutse in ya yi santsi, mai niƙa tsakiya take dannewa da ƙarfi, sai ya yi kwarmi. Sai na sassabe gefe na daidaita kafin in koɗa. Kuma gidanka kaɗai zan je, jakina ba iska yake ci ba." Ya ɗaga kai ya dubi wuyan rigata. "Ga shi kuma Allah ya buɗa."

Na ce ashe har riga ake yi wa kuɗi. Ya ce ko wanzami ma yakan dubi rawani kafin ya faɗi ladan aski. Na kaɗa rigata na bar shi, ina faɗa a raina ba a haifi wanda zai cuce ni ba. A wannan kasuwar, a wannan yinin, na sayi linzami mai adon azurfa sule biyu. Ba ni da doki a lokacin, amma ina da niyya.

A hanyar dawowa ne hikima ta sauko mini. Me ya fi yashi kaushi, kuma me ya fi shi yawa a ƙasarmu? Mutane na biyan Cindo alhali maganin na nan ƙarƙashin ƙafarsu, ba wanda ya gano sai ni. Ina isa gida na ɗebo yashi cikin ƙoƙo na kai wa Iya, na ce ta zuba a kan dutsen ta yi ta gurzawa da ɗan dutse.

Ta ce, "Ɗantsoho, da yashi muke goge akushi ya yi sumul."

"Wannan itace ne, Iya. Dutse daban. Ke dai yi."

Kwana biyu ta yi tana niƙa yashi bayan ta gama niƙan hatsi. Dutsen ya fito yana ƙyalli, har kana iya ganin fuskarka, kuma yashin ya shige kowane ɗan rami da ya rage ya ƙi fita. Na dube shi na ce ai sai ya kwana biyu zai nuna aikinsa.

Ya kuwa nuna. Cikin makon surukina Malam Ilu ya zo daga Gagarawa duba jikokinsa. Aka yanka zakara, aka yi tuwon dawa miyar kuka. Na durƙusa gefe ina yi masa fifita. Ya kai loma ta farko, sai na ji ƙaras, kamar an taka busasshen kara. Dattijon ya dafe muƙamuƙi, ya juya ya tofar a hannu, ga ɓallin haƙori a ciki.

"Subhanallahi! Ɗantsoho, tuwon ƙasa kuke ci a gidan nan?"

Wallahi gaskiyar ta zo har bakina. Na ji ta a kan harshe. Sai na ji muryata tana cewa, "A gafarce mu, Malam. Tsohuwar nan ce, ido ya tafi. Ba ta iya tsince tsaba yanzu."

Ya ce a kira ta. Iya ta zo ta durƙusa daga nesa, ta sunkuyar da kai. Malam Ilu ya yi mata nasiha mai tsawo a kan amana da tsoron Allah, da hakkin wanda yake ciyar da kai, har da aya. Ina zaune ina gyaɗa kai a wuraren da suka dace. Sau ɗaya ta ɗago ta dube ni, ba da harara ba, irin duban da take mini ina yaro in na fasa tulu na ce akuya ce.

Ta ce, "Na yi kuskure, Malam. Ba zan ƙara ba."

Tun daga ranar ta ƙara wa kanta aiki: kowace safiya sai ta wanke dutsen da tsintsiya sau uku, kuma ta tankaɗe gari sau biyu. Ni kuma na daina bi ta wajen madafa. Na gano cewa in na zagaya ta bayan rumbu ba na jin nishin.

Damina ta sauka, na ɗauki 'yan ƙwadago uku, baki ya ƙaru. Iya ta koma fara niƙa da an idar da sallar asuba, ba ta tashi sai la'asar ta kusa. Wuyan hannunta ya kumbura. Ta shafa man shanu ta ɗaure da tsumma. Sai yatsun suka fara lanƙwashewa, in ta zo ɗaukar buta sai ta haɗa hannu biyu. Babbar 'yata ta ce mini, "Baba, Iya ba ta iya ɗaura zaninta, ni nake ɗaura mata." Na ce sanyin damina ne, zai wuce da an shiga kaka.

Duk da haka abin ya ɗan taɓa ni, har na aika wa Cindo saƙo ta bakin wani mai zuwa Maigatari. Na ce na amince da sisin, kuma na faɗa da murya irin ta wanda ya yi kyauta. Amsa ta dawo: yanzu sule guda ne, sisi biyu ke nan, domin yana tsakiyar noma, in ya bar gonarsa yini biyu sai ya biya wanda zai tsaya masa. Na ce sule? Dutse zan gyara ko aure zan yi? Na ce a bari ruwa ya ɗauke, lokacin zai sauko. Na je na gaya wa Iya wannan lissafin dalla-dalla, yadda wata biyu kacal zai cece mu daga asarar sisi. Tana durƙushe tana tura ɗan dutsen da gindin tafin hannu, domin yatsun sun daina kamawa.

Ta ce, "Gaskiyarka. Kuɗi wuya gare su."

Ban taɓa jin daɗin a ce mini gaskiyata ba kamar ranar, kuma yau ba abin da nake jin kunyarsa kamar wannan daɗin.

Gero ya fara fitar da kai, wata safiya na idar da lazimi na ji gidan shiru. Ba gurzar dutse, ba nishi. Har na buɗe baki zan tambayi ko tsohuwa ta makara, sai na ji Lauratu ta ƙwala salati. Na ruga. Iya na durƙushe inda take kullum, goshinta a kan hannayenta, hannayen a kan ɗan dutsen, tsaba ta watse kaji suna ci. Idonta biyu. Ta ce, "Ku ɗaga ni, sun ƙi sakewa." Ni na riƙe kafaɗarta, Lauratu ta zare dutsen daga ƙarƙashin hannun. Yatsun suka tsaya a yadda suke, a dunƙule, kamar har yanzu suna riƙe da shi.

Wanzamin garinmu ya zo ya duba, ya yi tsaga, ya ba da saiwa a jiƙa. Da zai fita ya ja ni gefe ya ce, "Jijiyar ta ƙage. Wannan hannun ya gama aiki, sai dai a yi mata addu'a." Na tambaye shi ko tsufa ne. Ya dube ni ya ce, "Uwata ta girme ta, jiya ma ita ta yi mana niƙa."

Washegari dole Lauratu ta durƙusa wa dutsen. Na ji ta fara, na ji ta tsaya, na ji ta sake farawa. Hantsi bai gama ɗagawa ba ta fito zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta miƙo mini tafin hannunta. Ƙuraje biyu ne suka yi ruwa, ƙanana, kamar ƙwayar wake.

"Malam, dubi hannuna. Wannan ba dutse ba ne, azaba ce. Ko rabin mudu ban niƙa ba. Wallahi in ba a gyara shi ba, yau a Gagarawa zan kwana, kuma in Baba ya tambaye ni dalili, sai in fara masa daga yashi."

Ashe ta sani. Ashe kowa ya sani.

Ban tsaya karin kumallo ba. Doki dai har yanzu babu, linzami na rataye a ɗaki, don haka jakin maƙwabci na ara. Na isa Maigatari rana ta karya, na sami Cindo a gonarsa yana korar tsuntsaye. Ban yi dariyar Kano ba.

Ya ce, "Yau kake so?"

"Yau."

"To gaggawa da kuɗinta. Ga gona zan bari, tsuntsu zai ci rabonsa. Ga kwarmi na wata tara. An ce kuma ka sa masa yashi."

"Har nan labarin ya zo?"

"Har Gumel ya je. Abin da mai gida ya fara gyarawa da kansa ya fi komai tsada, don sai na gyara gyaransa tukuna. Ɗan dutsen ma na san ya cinye, sai sabo. Sule biyu da sisi."

Toro goma ke nan. Na kwance lalita na ƙirga masa a tafin hannu, ko tari ban yi ba. Wata tara Iya na durƙushe ban ga dalilin biyan kwabo uku ba, ƙuraje biyu a hannun Lauratu suka fitar da sule biyu da sisi kafin rana ta faɗi.

Da dare muka iso tare, washegari da sassafe ya fara aiki. Ƙas, ƙas, ƙas, gari duk yana ji, kuma na san a kowane gida ana cewa Ɗantsoho ya sauko. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, hannayen a cinya. Da Cindo ya tsaya shan ruwa ya gaishe ta, idonsa ya sauka a kansu. Ya daɗe yana kallo. Da aka kawo masa tuwon rana ya ture akushin, ya ce ya ƙoshi.

Da ya gama, Lauratu ta niƙa mudu biyu kafin a kira la'asar, har da 'yar waƙarta. Tuwon daren ya yi laushi, rabon gidan da irinsa tun rani. Aka zuba wa Iya nata a ƙoƙo aka ajiye mata. Ina wucewa, wannan karon ta gaban madafa, na gan ta tana fama. Ta kai hannu ta kasa gutsura. Ta gwada da gefen hannun, lomar ta faɗi ƙasa. Ta waiga ko wani ya gani, ta ja zani ta rufe.

Na durƙusa a gabanta. Ban san lokacin da na wanke hannu ba. Na gutsura, na mulmula, na tsoma a miya na kai bakinta. Ta kau da kai.

"Haba Ɗantsoho, mai gida guda. Mutane za su gani."

"Su gani, Iya."

Ta karɓa. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta ce, "Ya yi laushi. Allah ya yi maka albarka, ka ji tausayin yarinyar nan, hannunta bai saba ba."

Na so ta zage ni. Da ta tsine mini ma da na sami abin riƙewa. Na buɗe baki in ce ta yafe mini, in ce yashin nawa ne, in ce komai nawa ne, sai ta riga ni.

"Nawa ya karɓa?"

Na faɗa mata.

Ta zaro ido, ta ɗaga dunƙulallun hannayen nan biyu kamar za ta tafa, suka kasa haɗuwa. "Sule biyu da sisi! Kai, ya cuce ka, ɗan nan. Da ka ɗan ƙara haƙuri na warke, ai da na ci gaba da lallaɓawa a hakan."

Lomar ta biyu na hannuna, miya na bin yatsuna tana ɗiga a tabarma. Ni da na iya ciniki, na rasa abin da zan taya. Kuka ne ya zo mini, irin na yara, mai sheshsheƙa, a tsakar gida, gaban matata da 'ya'yana.

Iya ta matso, ta sa bayan hannunta tana share mini fuska, tunda cikinsa ba ya buɗewa.

Ta ce, "Yi shiru. Kuɗi ne, za su dawo."